Shirya Sababbin Ɗalibai Domin Shiga Jami'a a Lokacin Annoba: Darasin Korona ga Jama'ar Tsallaken Kogin Kaduna

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ranar da yaro ya sami gurbin karatu a jami'a rana ce ta farin ciki ga gidansu da ma unguwarsu baki ɗaya, musamman idan shi ne na farko da ya kai wannan matsayi a zuriyarsu. Akwai iyaye da dama a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Chikun waɗanda sai sun fitar da buhunan masara ko sun kai dabba kasuwa kafin su haɗa kuɗin rajista. Haka nan akwai 'yan fansho da tsofaffin ma'aikatan masaƙu a Kakuri da Makera da suke tara kuɗin sannu a hankali tun yaro yana babbar sakandare. Saboda haka duk abin da zai sa wannan ɗawainiya ta tashi a banza, ko ya jefa lafiyar yaron cikin haɗari, abu ne da ya kamata a yi masa tanadi tun da wuri.

A shekarun 2020 da 2021 annobar korona ta zo mana da irin wannan jarrabawa. Dubban yara sun ci jarrabawar shiga jami'a amma suka yi watanni a gida ba su san ranar tafiya ba, da aka buɗe makarantu kuma sai suka tarar da sharuɗɗan da yayyensu ba su taɓa gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga watan Mayu na shekarar 2023, to amma annoba ba ta sallama idan za ta zo. Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin iyaye da ɗalibai da hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da jami'an ƙananan hukumomi, musamman na yankunan da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri, Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha, Unguwar Romi, Gonin Gora, Nasarawa, Kudenda, Mararrabar Rido da Kujama, tare da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Yadda al'amarin ya faru

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya ran 27 ga watan Fabrairu 2020 a Legas. Ran 11 ga watan Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. A tsakiyar wannan wata ne Hukumar JAMB ta gudanar da jarrabawar share fagen shiga manyan makarantu, kuma a daidai wannan lokaci aka ba da umurnin rufe makarantu a faɗin ƙasa. Ran 23 ga watan Maris ɗin dai ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani, wanda ba a janye shi ba sai ran 23 ga watan Disamba, wato bayan wata tara.

A nan Jihar Kaduna an kafa dokar zaman gida ran 26 ga watan Maris 2020. Bayan kwana biyu Gwamnan wancan lokaci, Malam Nasir Ahmad El-Rufai, ya sanar da cewa gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar, aka kuma bar jagorancin kwamitin yaƙi da annobar a hannun Mataimakiyar Gwamna, Dokta Hadiza Sabuwa Balarabe, wadda likita ce. Cibiyar kula da cututtuka masu yaɗuwa da ke Kakuri na daga cikin wuraren da aka riƙa killace masu cutar. An sassauta dokar zaman gidan ne a watan Yuni, jarrabawar WAEC kuwa, wadda aka saba yi kafin damina ta kankama, sai ran 17 ga watan Agusta aka fara ta. Da cutar ta sake tasowa a karo na biyu, gwamnatin jiha ta sake rufe makarantu ran 16 ga watan Disamba 2020.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ba jami'o'i damar komawa daga ran 18 ga watan Janairu 2021, Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta amince manyan makarantu su buɗe ran 25 ga watan. Sakamakon wannan dogon zama shi ne ɗaliban da suka rubuta jarrabawa a watan Maris 2020 da yawansu ba su shiga aji ba sai a cikin shekarar 2021. Wasu jami'o'in ƙasar nan sun soke kakar karatu guda, wasu kuma sun haɗa rukuni biyu na sababbin ɗalibai a lokaci ɗaya, abin da ya ƙara cunkoso a ɗakunan kwana da zaurukan lacca a daidai lokacin da ake son a rage shi.

Me ya sa sabon ɗalibi ya fi shiga haɗari?

Cutar korona da ire-irenta suna yaɗuwa ne ta numfashi, wato ta ɗigon yawu da majina da ke fita yayin tari ko atishawa ko magana, kuma sun fi saurin kama mutane a rufaffen ɗaki mai cunkoso wanda iska ba ta ratsa shi. Mutum zai iya ɗaukar ƙwayar korona ya yi kwana 2 zuwa 14 kafin alamunta su bayyana, wani ma ba za ta taɓa kwantar da shi ba, amma yana iya shafa wa wasu. Tarihi ya nuna cewa murar nan mai kisa ta shekarar 1918 ta shigo Nijeriya ne ta jirgin ruwa a Legas, sannan ta biyo layin dogo zuwa Arewa. Ma'ana dai cuta matafiya take bi, kuma babu inda matafiya daga kowace kusurwa ta ƙasa suke haɗuwa a mako guda kamar jami'a a lokacin rajista.

Tsohon ɗalibi ya san inda asibitin makaranta yake, yana da ɗaki da abokai, rajistarsa kuma ba ta wuce ta kwana ɗaya ko biyu. Sabon ɗalibi kuwa shi ne mai bin dogon layi a wurin tantance takardu da banki da ofishin sashe da wurin rabon ɗaki, shi ne kuma yakan kwana a ɗakin wani ɗan garinsu kafin ya sami nasa. Idan zazzaɓi ya kama shi yakan ɓoye saboda tsoron kada a mayar da shi gida ya rasa gurbinsa. Akasarin matasa suna warkewa daga korona ba tare da wata wahala ba, amma haɗarin yana ƙaruwa ga masu ciwon asma ko ciwon suga ko amosanin jini, sannan ga kakanni da iyaye masu shekaru da ɗalibin zai koma wa a lokacin hutu.

Tabbatar da gurbi da haɗa takardu

Mataki na farko shi ne a tabbatar da cewa gurbin na gaskiya ne. Tun shekarar 2017 Hukumar JAMB ta fito da tsarin nan na CAPS, wanda ta cikinsa ne ɗalibi zai ga an ba shi gurbi, ya amince da shi, sannan ya buga takardar shaidar ɗauka. A lokacin rufe makarantu mazambata sun yawaita, suna aika saƙon waya da ranakun komawa na ƙarya, suna neman a tura musu kuɗin ɗaki ko kuɗin gyara sakamako. Muna jan hankalin iyaye cewa babu makarantar gwamnati da ke karɓar kuɗin rajista ta asusun wani mutum. Haka kuma kada a ɗora wa yaro kaya a mota sai an ga sanarwar ranar komawa a shafin makarantar ko an ji ta a gidan rediyo, domin a shekarar 2021 makarantu da dama sun kira ɗalibansu ne rukuni-rukuni, wanda ya zo kafin ranar rukuninsa kuwa sai ya rasa wurin kwana.

Takardun da aka fi nema su ne:

1. Takardar shaidar ɗauka ta JAMB da ta makaranta.
2. Sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB, da takardar shaidar kammala makaranta.
3. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu.
4. Takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma.
5. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda JAMB ta wajabta tun shekarar 2021.
6. Rasidin biyan kuɗi da ƙananan hotuna.

A tabbatar cewa suna da ranar haihuwa sun zo daidai a duk takardun, domin bambancin harafi ɗaya kan sa a dawo da yaro daga Zariya ko Kafanchan, kuma kowace tafiya ta ƙarin kuɗi ce da ƙarin cuɗanya da jama'a. Duk abin da za a iya cikewa ta intanet a gama shi tun a gida. A yi kwafin kowace takarda, a kuma ɗauki hotonta a ajiye a waya.

Shirin lafiya kafin tashi

Yana da kyau a kai yaro asibiti a duba shi mako biyu ko uku kafin tafiya. Mazauna wannan yanki suna da Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri da Babban Asibitin Sabon Tasha, ga kuma cibiyoyin lafiya matakin farko a mazaɓu. A gwada rukunin jini da nau'in jini domin sanin ko yana da amosanin jini. Idan yana da ciwon da ake shan magani kullum, a karɓi takardar likita da maganin da zai ishe shi aƙalla wata guda, a kuma gaya wa asibitin makaranta tun ranar rajista. Ɓoye irin wannan ciwo ba ya amfanar kowa, domin ranar da ya tashi cikin dare abokan ɗaki ne za su ɗauki yaron ba tare da sun san abin da za su faɗa wa likita ba.

Batun allurar rigakafi kuma, a lokacin da aka buɗe jami'o'i a watan Janairu 2021 babu allurar korona a ƙasar nan. Kashin farko, kusan miliyan 4 na samfurin AstraZeneca, ya sauka a Abuja ne ran 2 ga watan Maris 2021 ƙarƙashin shirin COVAX, aka kuma fara da ma'aikatan lafiya da tsofaffi. Darasin da ke nan shi ne a farkon annoba babu abin dogaro sai tsafta da takunkumi da ba da tazara, idan kuma rigakafi ya samu, kyauta ake yin sa a cibiyoyin gwamnati, jiki kuma yana buƙatar kimanin mako biyu kafin ya gina kariya. Don haka a yi shi tun a gida, a riƙe katin a cikin takardu.

Wajibi ne kuma mu faɗi wannan: yaron da ke fama da zazzaɓi ko tari ko ciwon maƙogwaro ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, kada ya yi tafiya. A kai shi a gwada shi, domin zazzaɓin cizon sauro da taifot da korona da zazzaɓin Lassa duk da zafin jiki suke farawa, gwaji ne kaɗai ke rarrabe su. A sanar da makaranta a rubuce tare da takardar asibiti. Jinkirin mako guda ya fi a kai cuta ɗakin mutum takwas.

Kayan da ɗalibi zai tafi da su

Bayan katifa da bokiti da kayan abinci da aka saba, ga abubuwan da lokacin annoba ya ƙara:

1. Takunkumin fuska na yadi mai ninki biyu ko uku, aƙalla guda huɗu, domin a riƙa wankewa ana sauyawa.
2. Sabulu isasshe da man tsaftace hannu wanda sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin 100.
3. Ma'aunin zafin jiki ƙarami.
4. Kofi da cokali da kwano da tawul da buta nasa na kansa.
5. Gidan sauro mai magani.
6. Mazubai masu murfi domin garin rogo da shinkafa da wake da ƙuli-ƙuli, saboda ɓera.
7. Maganin farasitamol da ƙunshin gishiri da sukari na ORS.
8. Tocila da na'urar ajiye cajin waya.

Kada a cika wa yaro jaka da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba. Ba sa aiki a kan korona, shan su barkatai kuma yana ɓata aikinsu a ranar da ake buƙatarsu.

A kan hanya

Ɗalibanmu sun fi tafiya Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a shekarar 1962, da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a shekarar 2004 kuma take da harabobi a Kaduna da Kafanchan, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda sashenta na nazarin muhalli yake nan Barnawa, da Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya, da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya. Mai zuwa Zariya sai ya ƙetare gada ya ratsa gari zuwa Kawo, mai zuwa Kafanchan kuma yakan hau mota a tashar Television ya bi hanyar Kachia. A ko'ina ne, a shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunayen fasinjoji, a sa takunkumi ya rufe hanci da baki, a bar gilashi a buɗe gwargwadon hali, a wanke hannu bayan an taɓa kuɗi. Al'adarmu ta rakiyar gida guda zuwa makaranta abu ne mai kyau, amma a lokacin annoba mutum ɗaya ya isa, domin makarantu da yawa ba sa barin baƙi su wuce ƙofa.

Ba za mu yi maganar hanya ba tare da ambaton tsaro ba, domin a shekarar da aka koma makarantu ne muka ga abubuwan baƙin ciki. Ran 11 ga watan Maris 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, ran 20 ga watan Afrilu kuma suka shiga Jami'ar Greenfield da ke Kasarami a Ƙaramar Hukumar Chikun, inda biyar daga cikin ɗaliban da aka sace suka rasa rayukansu. Allah Ya ba iyalansu haƙuri. Saboda haka a yi sammako a isa da rana, a sanar da gida lambar motar, idan kuma za a kama ɗaki a wajen makaranta iyaye su je su gani da idonsu, su san mai gidan da mai unguwar.

Makon farko a makaranta

Dokar kare lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Janairu 2021 ta wajabta sa takunkumi a wuraren taruwar jama'a, da wanke hannu da gwajin zafin jiki a bakin ƙofa, da barin tazarar mita biyu tsakanin mutane. Wanda zafin jikinsa ya haura maki 38 a ma'aunin Salshiyas ba a barinsa ya shiga, sai a tura shi wurin ma'aikatan lafiya. Waɗannan sharuɗɗa ba sa aiki a yau, amma irinsu ne za su dawo idan wata annoba ta numfashi ta ɓulla, don haka yana da kyau a saba wa yaro da su tun a gida, ya san cewa mai gadin da ya tsayar da shi a ƙofa aikinsa yake yi.

Abu na farko da ɗalibi zai yi bayan biyan kuɗi shi ne rajista a asibitin makaranta da karɓar kati. A makarantu da yawa kuɗin rajista ya haɗa da na kula da lafiya, amma ɗalibai da dama ba su sani ba, sai su tafi kantin magani su kashe kuɗin abincinsu. Ya kuma halarci taron wayar da kan sababbin ɗalibai ko da ta waya aka shirya shi, ya riƙe lambar jami'in kula da ɗakin kwana da ta ofishin harkokin ɗalibai.

A cikin ɗaki, a riƙa buɗe tagogi ko da lokacin hunturu ne. Kada a tara 'yan raɓe fiye da adadin gadaje, duk da mun san kunyar korar ɗan gari tana da nauyi. A wanke hannu da sabulu na tsawon daƙiƙa 20 kafin cin abinci da bayan fitowa daga makewayi. A yi tari ko atishawa a cikin gwiwar hannu. A masallaci da coci da wurin cin abinci a bi tsarin da hukumar makaranta ta shimfiɗa.

Idan ciwo ya kama ɗalibi

Ya tafi asibitin makaranta a ranar da ya ji alamun, ya sa takunkumi, ya kuma sanar da gida. Idan aka ce a killace shi, iyaye su kwantar da hankalinsu, kada su aika a ɗauko shi a motar haya, domin yin haka shi ne kai cutar ga fasinjoji da mutanen gida. A farkon korona kwana 14 ake killace wanda ya yi hulɗa da mai cutar. Killacewa ba hukunci ba ce, ba kuma abin kunya ba ce. Alamun da ke buƙatar gaggawa su ne wahalar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, sanƙarewar wuya, zubar jini, da amai da gudawa babu ƙaƙƙautawa. Asibitocin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna da na Shika a Zariya suna karɓar waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin asibitin makaranta.

Akwai kuma ciwon da ba a gani da ido. Yaron da bai taɓa barin gida ba, ya zo ya tarar an hana taro da wasanni da ziyara, yana iya faɗawa cikin damuwa, daga nan kuma wasu ke faɗawa shaye-shaye ko hannun miyagun ƙungiyoyi. Iyaye su riƙa kiran waya a kai a kai, su tambayi abin da ya ci da yadda yake barci. Idan abin ya yi tsanani, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana nan Barnawa, kuma zuwa can neman shawara daidai yake da zuwa kowane asibiti.

Tanadin kuɗi da karatu daga nesa

Annoba takan sa a rufe makaranta cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda aka yi a watan Maris 2020, lokacin da ɗalibai da dama suka rasa kuɗin mota. Ya kamata a ware kuɗin dawowa gida daban, a gaya wa yaro kada ya taɓa su. A buɗe masa asusun banki da sunansa. Idan za a kama ɗakin haya, a yi magana da mai gida a gaban shaidu kan abin da zai faru idan aka rufe makaranta, domin a shekarar 2020 iyaye da yawa sun biya hayar shekara ta ɗakin da ba a kwana a ciki ba.

Wasu darussa kan koma ta intanet, don haka waya mai iya buɗe takardu ta zama kayan karatu. Ɗalibin ƙauyen da ba shi da sabis mai ƙarfi ko wutar lantarki ya nemi lambar wakilin ajinsu, ya riƙa sauke darussa idan ya shigo gari. Game da tallafi, a watan Agusta 2023 Gwamna Uba Sani ya sanar da rage kuɗin manyan makarantu mallakar jiha, inda na Jami'ar Jihar Kaduna ya sauko daga N150,000 zuwa N105,000. Akwai Hukumar Ba da Tallafi da Lamunin Karatu ta Jihar Kaduna, akwai kuma asusun NELFUND na Gwamnatin Tarayya, wanda ya fara karɓar buƙatun lamuni marar ruwa a watan Mayu 2024. A nemi bayaninsu a ofisoshinsu ko shafukansu kai tsaye, ba ta hannun dillali ba.

Nauyin da ya rataya a wuyan shugabannin al'umma

Ga jami'an ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, muna ba da shawarar a sauƙaƙa bayar da takardar shaidar asali a lokacin ɗaukar ɗalibai, a ware ranaku ga kowace mazaɓa domin kauce wa cunkoso a sakatariyar Makera da ta Kujama. Sashen lafiya ya tanadi rana ta musamman domin duba sababbin ɗalibai da yi musu rigakafin da ake da shi.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su san yaran yankinsu da suka sami gurbi da makarantun da za su, su haɗa su da tsofaffin ɗalibai na kirki da za su nuna musu hanya. Limamai da fastoci su taimaka wajen isar da sahihiyar sanarwa, domin a lokacin korona jita-jita ta yi ɓarna ƙwarai, daga masu cewa cutar ta masu kuɗi ce zuwa masu cewa allurar tana hana haihuwa, alhali miliyoyin mata a duniya sun yi ta sun kuma haihu lafiya. Masu unguwannin da ke da gidajen hayar ɗalibai, kamar Barnawa da Narayi da Unguwar Romi, su sa ido a kan ruwan sha da makewayi da yawan mutanen da ake zubawa a ɗaki. Shugabannin tashoshin mota kuma su hana lodin da ya wuce ƙa'ida.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba shi ne 'yan mata. Dogon zaman gida na shekarar 2020 ya sa wasu iyaye sun karaya da batun karatun 'ya'yansu mata. Muna roƙon shugabanni su bi sawun duk yarinyar da ta sami gurbi, su ga cewa ta tafi a ranar da aka buɗe.

Cututtukan da ya kamata a ci gaba da lura da su

Wannan shiri bai tsaya a kan korona kaɗai ba. Sanƙarau yakan taso daga hunturu zuwa bazara, yana kuma son ɗaki mai cunkoso da zafi. A shekarar 2017 ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina, a shekarar 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'o'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓin Lassa yana zuwa ne ta abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa. Kwalara tana bin gurɓataccen ruwa, kuma a shekarar 2021 an sami fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a ƙasar nan. Idan babu ƙunshin ORS, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba marar lafiya a kan hanyar asibiti. Mashaƙo ma ya ɓulla a Kafanchan a shekarar 2023, kuma yana da rigakafi.

Kammalawa

A taƙaice, shirin sabon ɗalibi yana farawa ne daga gida: a tabbatar da gurbi da ranar tafiya, a haɗa takardu, a duba lafiyarsa, a yi masa rigakafi, a ware kuɗin dawowa, a kuma koya masa cewa zuwa asibiti da wuri ba ya hana kowa karatu. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Muna fatan masu unguwanni da jami'an da wannan bayani ya isa gare su za su karanta wa jama'arsu shi a tarukan unguwa da na iyayen yara. Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, Ya kuma zaunar da Jihar Kaduna da Nijeriya lafiya, amin.